Sri Lanka cikin bas ɗaya da baƙin fuskoki

Duk wanda ya duba Sri Lanka a taswira raina ta zai yi, ɗan tsibiri ne a gindin Indiya wanda tsawonsa ko kilomita 450 bai kai ba. Sai an shiga mota ake gane wayo, don hanyoyin cikin tsaunuka kwana ne a kan kwana, tafiyar da ka ƙiyasta awa biyu sai ta cinye maka rabin yini. Dalilin da ya sa kenan na bi rukuni, irin wanda kamfani ke haɗa komai, otal da bas da tikitin shiga wurare da jagora, kai dai naka ka tashi da asuba ka fito da jaka.

Wurin da na ga amfanin jagoran sosai shi ne Sigiriya. Wani ƙaton dutse ne tsaye shi kaɗai a tsakiyar daji, tsayinsa wajen mita 180, kuma a samansa wani sarki Kashyapa ya gina fada. Ya yi mulki daga 477 zuwa 495, bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace gadon da ya kamata ɗan uwansa ya hau, to ka ga ai dole mutum ya nemi inda ba a iso masa da sauƙi. Matakala kusan 1,200 ne, ana bi ta tsakanin ƙafafun wani zaki da aka gina, kan ya daɗe da rushewa ƙafafun kawai suka saura. Da ni kaɗai ne wallahi da hoto zan ɗauka in wuce, amma mutumin nan ya tsayar da mu tun a ƙasa ya nuna mana lambunan ruwa da magudanan da aka binne tun wancan zamani, waɗanda har yau in damina ta yi ƙarfi sukan feso ruwa. Ya kuma ja mana kunne a rage surutu a hanya saboda zirnaƙo, amma ina, cikin rukuni ba a rasa mai hayaniya ko a bakin rami.

Birnin Kandy mun ratsa shi a gurguje, muka shiga haikalin da suke cewa haƙorin Buddha na ciki, a cire takalmi a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma kar ka kuskura ka juya wa mutum-mutumin Buddha baya don ɗaukar hoto, suna jin haushin abin ƙwarai.

Yanzu ga inda tafiyar rukuni ke ci min rai. Wurin da kake so ka daɗe sai a ce minti talatin a dawo bas, amma da an zo lambun kayan ƙamshi ko shagon duwatsu masu daraja sai lokaci ya samu, a zaunar da ku a kawo shayi, wani ya yi ta zuba bayani kan kirfa da man da ke maganin komai da komai, kowa kuma ya san akwai kamasho a ciki, ban ga laifin mai neman abincinsa ba amma dai awannin da muka biya ne ake kashewa.

Jirgin ƙasa ne ya huce min. Mun hau a Nanu Oya, tashar da ke kusa da garin Nuwara Eliya, zuwa garin Ella. Tafiya yake a hankali, ƙofofi a buɗe, hazo na shigowa, gonakin shayi ko'ina har iya ganinka, ga sanyi kamar ba ƙasar zafi ba. Da kofi ake nomawa a tsaunukan nan, wata cuta ta cinye shi, shi kuwa wani ɗan Sikotlan James Taylor ya riga ya fara gwada shayi tun 1867, daga nan aka koma kansa gaba ɗaya. Matan da ke tsinkar ganyen yawancinsu Tamil ne, jikokin waɗanda Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya don aikin, kuma in ka ga gidajen da suke kwana sai kofin shayin ya ɗan yi maka nauyi a hannu. Wannan batun kam, jagora bai daɗe a kansa ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne dutsen Adamu, mai tsayin mita 2,243, inda akwai wani sawu a samansa da 'yan Buddha ke cewa na Buddha ne, 'yan Hindu su ce na abin bautarsu Shiva, Musulmi kuma da dama na cewa na Annabi Adamu ne, har Ibn Battuta ya hau shi a 1344 lokacin Larabawa na kiran tsibirin Sarandib. Ba ya cikin jadawalinmu sam. Da dare ake hawa, daga Disamba zuwa Mayu, kamfani kuwa ba zai ɗauki nauyin jan dattawa a duhu ba. Daga nesa na hango shi ta taga.

In za ka biya kuɗin irin wannan tafiya, ka tambaya ko akwai ranar da ake sakin mutane kowa ya kama gabansa. Mu a Kolombo aka ba mu rabin yini, na tari tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, zuwa kasuwar Pettah na yi azahar a Jan Masallaci, wanda ya haura shekara ɗari, na ci kottu, wata yankakkiyar gurasa da ake soyawa da kayan lambu da nama, a wani shagon Musulmi da ke lungun. Ka kuma yi maganar sallah da abincin halal da jagora tun ranar farko, don bas ba ya tsayawa sai an ce ya tsaya.