Ƙa'idar Otawa ta yi aikinta, awa shida ne suka kuɓuce mana

Abin da na fara lura da shi da na soma aiki da ƙa'idar Otawa (jerin alamomin da ke nuna wane mai ciwon kai za a bincika ko jini ya zuba masa a ka) a sashen gaggawa nan Kano shi ne, kusan kowa take kamawa. Haka aka gina ta. Lokacin da Dakta Jeffrey Perry da abokan aikinsa a Kanada suka fitar da ita a 2013, ba ta tsallake ko mutum ɗaya mai zubar jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa ba, amma cikin waɗanda ba su da ciwon, kusan kashi 15 cikin 100 kawai ta iya sallama. Ga alamomin: shekara 40 zuwa sama, ciwon wuya ko sanƙarewarsa, suma a gaban mutane, farawar ciwon ana cikin aikin ƙarfi, saukowarsa farat ɗaya kamar aradu, ko kasa sunkuyar da wuya idan an gwada: ko ɗaya aka samu, sai hoton siti, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka. A can gwamnati ke biyan kuɗin hoton. A nan ɗan'uwa ne zai laluba aljihu.

Wani magidanci aka kawo mana daga kasuwar Dawanau cikin zafin Afrilu, shekarunsa sun haura 40. Bayan Azahar ya ɗaga buhun masara, ya ji kamar an doka masa taɓarya a ƙeya, ya yi amai. Kafin La'asar yana gabana, garau yake magana, ba zazzaɓi. Lokacin sanƙarau ne, don haka duk wanda ya taɓa wuyansa can hankalinsa ya tafi. Ni tambaya ɗaya na nace a kai: "Malam, a hankali ya taso ko lokaci guda?" Ya ce, "Likita, ko buhun ban ajiye ba."

Na yi murna, wallahi. Mutanenmu sai sun sha Panadol, sun je kemis an yi musu allurar maleriya, an yi tofi, sannan su zo bayan kwana biyu. Wannan kuwa ya zo cikin awa shidan da binciken 2011 na su Perry ya nuna cewa idan na'ura ta zamani ce kuma ƙwararre ya karanta hoton ya ga lafiya, ba sai an ɗebi ruwan baya da allura ba. Muna da lokaci har wajen Isha'i.

Sai aka ce kuɗi na hannun yayansa, shi kuma yana hanya. Da ya iso bayan Magariba ya ce sai an tuntuɓi gida. Aka harhaɗa, aka bi layin biya, aka ce a jira. Tsakar dare ta wuce kafin a yi hoton, kuma bai nuna komai ba.

Nan gizo ke saƙa. Bayan awa shida, a wancan binciken, hoton yana gano kusan kashi 86 cikin 100 ne kawai, domin ɗan jinin da ya ɗiga ya fara narkewa cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Dole a tsira allura a baya a duba ko ruwan ya yi ɗorawa, alamar da ke fitowa sosai bayan awa 12. Na zaunar da yayan. Ya ce, "Likita, ba ku kuka ce hoto ba? Mun biya, ya fito lafiya. Allurar bayan nan ita ke gurgunta mutane." Na ce, "Alhaji, hoton ya makara ne." Har takarda na ɗauka na zana masa jijiyar da ta kumbura da yadda take ɗiga kaɗan kafin ta fashe gaba ɗaya. Ya saurara cikin mutunci, ya sa hannu, suka tafi da shi. Mako bai cika ba aka dawo da shi bai san inda kansa yake ba. Hoto na biyu ko ɗalibi zai karanta shi.

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da Alhaji ba. Mutumin da ya zubar da kuɗi aka ce masa hoto lafiya, ta yaya za ka gamsar da shi akwai saura? Da an yi shi kafin Isha'i, ko ya nuna jinin mu fara ba shi maganin nimodifin mu kira likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, ko ya fito tas mu sallame shi da kwanciyar hankali.

Yanzu lokacin farawa nake fara tambaya, da sallah nake aunawa don ba mai duba agogo: kafin Azahar ko bayanta, an kira La'asar ko tukuna. Da jan biro nake rubuta ƙarfen da awa shida za su cika a saman takardar hoto. Tun kafin su biya nake gaya wa dangi cewa idan lokacin ya wuce, akwai allurar baya a gaba, kada ta zo musu bagatatan.

Ƙananan likitoci kuma ku daina ɗora ƙa'idar a kan kowa. Ta mai shekara 15 zuwa sama ce da ke cikin hayyacinsa, sabon ciwon kai mai tsanani da ya kai ƙololuwarsa cikin awa ɗaya, ba buguwa ba, ba wanda ya saba da irinsa ba. Kuma ku duba jinin mutum: mai ƙarancin jini sosai, irin waɗanda ke cika mana layi, hotonsa kan iya ɓoye zubar ko da an yi shi a kan lokaci.