Yadda na yafe wa yaron shagona

Ni tela ne a Asawase, cikin Kumasi. Kirista ne ni a unguwar da yawancin maƙwabtana Musulmi ne, kuma da Hausa muke ciniki, da ita muke sujada a cocinmu. Ana dab da babbar Sallah, shago cike da yadin mutane, yaron da na koya wa ɗinki tun yana ƙarami ya sayar da kekunan ɗinki biyu ya gudu Nima, wata unguwa a Accra. Asarar kuɗin da sauƙi. Kunyar tsayawa gaban masu kaya ina ba da haƙuri ita ta fi ci mini rai.

Daga nan Addu'ar Ubangiji ta fara yi mini nauyi. Duk Lahadi muna roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, ni kuwa in an zo wurin sai bakina ya mutu. Wani dattijon ikilisiya ya zaunar da ni ya buɗe Matiyu sura 18, labarin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, kuɗi mai ɗimbin yawa, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100 kacal. Dattijon bai ce laifin yaron ƙarami ne ba, kuma na gode masa da hakan. Abin da ya tuna mini shi ne tushen bangaskiyarmu: zunubi bashi ne da ba mai iya biya da aikinsa, Yesu Almasihu ya biya a kan gicciye, ceto kuma kyauta ce ta alheri. To, wanda aka ba kyauta, da wane ido zai sa wa gafara farashi?

Na fara da daina ba kowane mai kawo ɗinki labarin, domin duk maimaitawa tana ƙara hura wutar. Sai na riƙa ambaton sunansa a addu'a, abin da ya fi mini wuya. Bayan haka na aika wa kawunsa cewa ba zan kai ƙara ba, yaro ya dawo.

Suka zo da yamma. Ya durƙusa ya ce, "Maigida, na ci amanarka." Kawun ya ciro ɗan kuɗi, ya ce in karɓa tukuna kafin a yi maganar yafiya. Na ce, "Baba, ajiye. Na riga na yafe masa. Maganar kekuna daban ce, za mu zauna a kanta."

Wannan tsarin daga Zakka mai karɓar haraji na koye shi, a Luka sura 19. Yesu ya fara shiga gidansa, sannan Zakka ya tashi da kansa ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Karɓar da Yesu ya yi masa ce ta haifi biya. A ganina masu cewa gafara na nufin a shafe maganar bashi suna cutar mai laifin, domin sun hana shi hanyar nuna tubarsa.

Na kuma gane cewa fushi yakan dawo, musamman in na ga gurbin kekunan, sai in sake yafewa a zuciya. Amana kuwa a hankali take tsirowa. Yaron ya dawo aiki, yana rage bashin duk ƙarshen wata daga ladansa. Makullin shago yana hannuna har yanzu, na kuma gaya masa dalili ido da ido.