Yadda na gyara muryar rediyona da take fita a dagule

Duk wanda na yi magana da shi ta rediyona na aika magana (ham radio) a zangon mita 40 sai ya ce sigina na zuwa da ƙarfi amma muryata a dagule take, tana wani karkarwa ba a gane rabin abin da nake faɗa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne a mita 20 lafiya lau, kuma in na rage ƙarfi zuwa wat 10 sai ta washe, ina mayarwa wat 100 ta sake lalacewa.

Na fara da masu sauƙi. Na rage ƙarfin makirfo har mitar ALC (mai nuna yadda rediyon ke danne sigina kar ta yi yawa) ta daina wuce iyakarta, na kashe kwamfiresa (abin da ke matse murya ya ƙara mata ƙarfi), sannan na auna wuta a bayan rediyon ina cikin magana, don rediyon wat 100 yana jan wajen amfiya 20 ne, in wayar wutar siririya ce sai volt 13.8 ɗin da rediyon ke aiki da shi ya faɗi murya ta riƙa rawa. Nawa bai faɗi ba.

Abin da ya raba gardama shi ne domi lod, wato na'urar da ake jonawa a madadin eriya ta shanye ƙarfin ba tare da watsa shi ba. Na cire eriya na jona domi lod na om 50, na ba shi cikakken ƙarfi ina sauraron kaina a wani rediyon daban, wallahi murya tas ba ko ɗigon ƙara. Ka ga kenan rediyon lafiyarsa ƙalau, RF (siginar da rediyon ke watsawa) ne yake biyo bayan kowaks, wato wayar da ke zuwa eriya, ya dawo ɗaki ya shige ta wayar makirfo, ita kuwa sigina ɗin da take ɗauka ɗan mitsitsi ne, abu kaɗan ya hau kansa shikenan. Gaskiya ina jin takaicin yadda mutane ke saurin kwance rediyo suna taɓa abubuwan ciki alhali wannan gwajin ko minti biyar ba ya ci.

Sai na samu zoben ferait mai lamba 31 (zobe ne da ke tare RF a jikin waya) na naɗa kowaks ɗin a jikinsa daidai inda yake haɗuwa da eriya, na ƙara ƙananan ferait na matsewa a wayar makirfo da ta wuta kusa da rediyon. In wayar za ta iya zagayawa sau biyu ko uku a cikin zoben to a zagaya, ya fi a zura ta sau ɗaya nesa ba kusa ba.

Daga baya, da murya ta washe, na saurari kaina ta WebSDR, wato rediyon da ake saurara ta intanet, na ɗan rage bes (kaurin murya) don a SSB, wato salon aika murya da nake amfani da shi, abin da ke ƙasa da haz 300 cin wuta kawai yake, sannan na mayar da kwamfiresa kaɗan.