Mako 38 ina bin Phantom layi-layi

A kasuwar tsofaffin littattafai ta Daryaganj da ke Delhi na fara haɗuwa da Phantom, lokacin ina karatu a Indiya. Wasu mujallun zane ne na Indrajal, takardarsu ta yi ja saboda tsufa, mai sayarwa ya tara su a ƙasa kamar tarin gyaɗa. Na kwashi biyar. Jarumin ciki ba ya tashi sama, ba ya da wani siddabaru. Bindiga biyu gare shi, da zobe mai tambarin ƙoƙon kai, da kyarkeci mai suna Devil, kuma mutanen daji sun yarda ba ya mutuwa, alhali ɗa ne ke gadon uba tsara bayan tsara. Shekaru bayan na dawo gida, 'yata ta tono mujallun a kwali ta tambaye ni, "Baba, ina farkon labarin?" Ba ni da amsa.

Farkon yana cikin jaridun Amurka. Ranar Litinin 17 ga Fabrairun 1936 kamfanin King Features ya fara raba wa jaridu labarin, Lee Falk ne marubuci, yana ɗan shekara 24, Ray Moore kuma ke zanawa. Labarin farko, The Singh Brotherhood, a kan wata ƙungiyar 'yan fashin teku ne, ya ci gaba har 7 ga Nuwamba na wannan shekara. Layi ɗaya, wato jerin 'yan gidajen zane, kowace rana, Litinin zuwa Asabar, mako 38, wato layi 228. Sai na ɗaura niyyar da ta fi ƙarfin hankali: in tattaro su duka, in jera su bisa kwanan wata, mu riƙa karanta ɗaya tak kowane dare bayan isha'i, yadda mai sayen jarida ya karanta su a wancan zamani.

Tattarawar ce ta fara ba ni kashi. Wasu layukan na same su a hotunan tsofaffin shafukan jarida, wasu a wani bugu na baya da aka mayar littafi. Kowane layi na asali yana da kwanan wata da mai zane ya rubuta ƙanana a wata kusurwa, lamba biyu da ɗan jan layi a tsakani. Na zauna na jera su da murnata, har kwana biyu. Da na gwada karantawa sai labari ya rikice, ana kama mutum yau, gobe ga shi yana yawo bai ma san da masu neman sa ba. Na zargi Falk da rashin tsari. Abin da ya tona asirina shi ne layi mai lamba 5-4. Na ajiye shi a 5 ga Afrilu, da na duba kalandar 1936 sai na ga ranar Lahadi ce, kuma a lokacin ba a buga labarin ran Lahadi. Shafin Lahadi sai 28 ga Mayun 1939 ya soma. Ashe Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. 5-4 ɗin 4 ga Mayu ne, Litinin. Duk lambar da ba ta wuce 12 ba sai da na sake duba ta. Tun daga nan ba na jera komai sai da kalandar shekarar a gefena.

Littafin nan kuwa, wanda na ɗauka zai sauƙaƙa mini aiki, shi ya fi cutata. Masu buga shi sun yanke gidajen zane da suke ganin maimaici ne, sun goge kwanan wata, sun haɗe bakin wannan rana da na waccan don labari ya tafi sumul. Da na fara ganin gidan farko na kowace rana yana tuna abin da ya faru jiya, ni ma na ce ɓata wuri ne. Sai da muka shiga mako na uku ina karanta wa yarinyar layi guda a dare na gane amfaninsa. Ta manta inda muka tsaya, gidan farko ya tuna mata; gidan ƙarshe kuma kullum a bakin rami yake barin mutum, don ya sake sayen jarida gobe. In ka cire waɗannan, ka cire numfashin labarin.

Abin da ya fi burge ni bai zo a rana guda ba, a hankali ya bayyana. A ranar farko Phantom ma bai fito ba. Diana Palmer, masoyiyar jarumin, ce ta buɗe labarin, tana dambe a kan jirgin ruwa, tana dawowa gida da kayan ambar mai tsada wanda miyagu ke hari. Sannan ga wani ɗan masu kuɗi, Jimmy Wells, malalaci a ido, wanda duk mai hankali zai ce shi ne ke rufe fuska da dare. Kuma haka Falk ya nufa da farko, shi da kansa ya faɗa daga baya. Yana cikin tafiya sai ya sauya shawara, ya ɗauke jarumin daga birni ya kai shi daji, ya ba shi kakanni da rantsuwa a kan ƙoƙon kai. Jimmy Wells ya sulale daga labarin ba sallama. Wanda ya karanta littafin a zama ɗaya da wuya ya lura. Mu da muke bi kullum mun ga ɗinkin ɓaro-ɓaro, kamar tela ya yanka riga ya koma ya mayar da ita jamfa a gaban mai kaya. Ba yadda zai yi ya koma ya gyara, jaridar jiya ta riga ta shiga gidajen mutane.

Na kuma koyi daina ɗora wa 1936 abin da na sani daga baya. Ni na san Phantom da kaya shunayya, amma layukan yau da kullum baƙi da fari ne, kuma ruwan toka Falk ya ƙudurta. Shunayyar sai da shafin Lahadi ta kafu, a Suwidin shuɗi suka ba shi, a Italiya ja. Na san shi a wata ƙasar Afirka ta ƙage, amma dajin labarin farko a nahiyar Asiya yake, sai a shekarun 1960 aka tabbatar da shi a Afirka. Mujalluna na Indrajal, waɗanda kamfanin jaridar Times of India ya fara fitarwa a 1964, su ma sun taɓa abinsu: ƙasar nan ta ƙage mai suna Bengali ta zama Denkali, 'yan fashin Singh suka zama Singa, don kada a ɓata wa masu karatu na Bengal da masu sunan Singh rai. Wato Phantom ɗin da na sani tun farko gyararre ne.

Akwai daren da na yi jinkiri kafin in karanta. Yadda aka zana mutanen daji, suna rusunawa gaban Bature mai rufaffiyar fuska, bai yi mini daɗi ba, kuma ban ɓoye wa yarinyar ba. Na gaya mata wanda ya zana, da shekarar, da waɗanda aka zana wa. Ta ce to me ya sa ba ɗaya daga cikinsu ne jarumin ba. Na ce ta riƙe tambayar.

Mun kai layi na 228 a daren wata Asabar, kamar yadda na tsara. Litinin 9 ga Nuwambar 1936 labari na biyu ya soma, The Sky Band, na 'yan fashin jirgin sama da dukkansu mata ne, kuma na riga na jera makonni shida na farko, wata kafin rana. Ita dai har yanzu tana nan a kan bakanta cewa Jimmy Wells zai dawo.