Jallabiya uku na kashe kafin in iya wanki

Jallabiyata ta farko tsarabar Makka ce, kawuna ya kawo min shekarar da ya sauke farali. Fara sol, ɗinkin Saudiyya mai tsayayyen wuya da maɓallai. In na saka ta ranar Juma'a har tafiyata sauyawa take yi. Ba ta ga Sallar gaba ba, kuma da hannuna na kashe ta, shi ya sa nake ba ku labari, ƙannena.

Wuyan ne ya fara dafewa da zufa. Na ce ai farin kaya maganinsa bilic, na tuttula a bokitin ruwan rijiya, na jiƙa ta ta kwana. Da safe ta fito ruwan ɗorawa, kamar tsohuwar takarda. Na ƙara bilic wai in gyara, garin neman gira na rasa ido. Wani dattijo mai wanki da guga a unguwarmu ya juya rigar, ya nuna min 'yar takardar da ke ɗinke a ciki, ya ce, "Yaro, wannan ba alawayyo ba ne, roba ce." Ashe yawancin jallabiyoyin da ake shigowa da su zaren foliyesta ne ya fi yawa a jikinsu, audugar kaɗan ce, bilic kuwa rawaya yake mayar da irin wannan yadi, musamman a ruwa mai tsatsa. Alamar ma tana nan: zane mai kusurwa uku da aka soke da gicciye, ma'ana kar a sa.

Abin da ya koya min ba wuya. Ruwan sanyi, sabulu a goga wa wuya da bakin hannu, a bar shi minti 20, a cuɗa da hannu. Ita kaɗai, ba a haɗa ta da hula ko shadda mai zuba. Bula kuma ɗan kaɗan, a narkar da ita sosai a ruwan ɗauraya kafin a tsoma riga, in ba haka ba ta yi dabbare-dabbare.

Ta biyu guga ce ta ci ta. An ɗauke wuta, ina sauri, na hura dutsen gawayi ya yi jawur, na ɗora. Ƙirjin ya yi ƙyalli ya ƙanƙance, tartsatsi ɗaya kuma ya huda aljihu. Ku duba hoton dutsen guga a 'yar takardar da ke ɗinke a cikin riga, yana nuna iyakar zafin da za ta ɗauka: ɗigo ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200. Roba ba ta son na uku. A juya ta ta bai, a goge da sauran danshi, ko a shimfiɗa siririn ƙyalle a kai.

Ta uku kam son ƙamshi ne. Na riƙa shafa turaren mai, baƙin udu, kai tsaye a ƙirji. Mai ne, roba kuwa riƙe mai take yi, guga ta zo ta daɗa gasa tabon. Yanzu a fata nake shafawa, rigar kuma in turara ta da hayaƙi.

Shanya ma da nata. Kar a murɗe ta wajen matsewa, a yarfe ta, a rataya a hangar roba. Wayar ƙarfe na barin layin tsatsa a kafaɗa, wanda sai lemon tsami da gishiri, shi ma in an yi sa'a. Da hunturu a kwashe da zarar ta bushe kafin ƙura ta hau, da damina kar a ninke ta da danshi, fumfuna ba ta jira. Mai launi kuwa inuwa ta fi mata.

Ta farkon nan tana nan har yau, da ita nake goge babur. Kawu ya taɓa tambaya ta ina take, na ce masa tana wajen mai wanki.