Kafin a ɗora bulo ɗaya: aikin rukunin gidaje a hayin Danbushiya

Filin da muka yanka a gefen Danbushiya, hayin kogin Kaduna, gona ce mai hekta 4. A takarda, hekta ɗaya tana ɗaukar fuloti kusan 22 masu ƙafa 50 da 100. Da muka fitar da babban titi mai faɗin mita 12, da layuka masu mita 9, da wurin masallaci da na taransfoma, sai kowace hekta ta dawo 15. Wanda ya ƙi yin wannan ragin, titi yake ci, shi ya sa a wasu sababbin unguwanni mota biyu ba sa iya gifta juna.

Sa hannun mai unguwa shaida ce kawai, ba mallaka ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, takardar shaidar mallakar fili (C of O) kuma ta shekara 99 ce. Don haka kafin mu biya ko sisi, mai safiyo ya ɗauki lambobin kusurwoyin gonar, muka kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, aka duba ko gwamnati ta riga ta shata wurin. Zanen unguwar da izinin gini kuma sai da suka bi ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Gonar ta gado ce, a nan muka yi sake. Maza uku suka sa hannu, ashe akwai 'yar'uwarsu da take aure a wani gari. Ɗanta ya zo ya tuge duwatsun iyaka, aiki ya tsaya sai da aka sake zama gaban dagaci. Yanzu sai mun ga kowane magaji, har mata, diyyar mangwaro da ɗorawa kuma a rubuce daban.

Abin da ya fi cin kuɗinmu ruwa ne. A Fabrairu muka duba filin, ƙasa ta bushe ƙamas, ko'ina kamar faranti. Da Agusta ta zo, sai ga tsohuwar hanyar ruwa ta ratsa tsakiyar layi na biyu. Mun sa kwalbati na zobe mai faɗin santimita 60, yashi da leda suka toshe shi a ruwan farko mai ƙarfi, ruwa ya bi ta kan titi ya zaizaye fandishon gida biyu. Dole muka fasa shi muka zuba na akwati da kankare da rodi. Da mun biya mai safiyo ya auna tudu da gangare tun farko, ko mun tambayi manomin da ya shekara yana noma wurin, da ba a kai ga haka ba. Shi ya san inda masararsa take jiƙewa.

Sauran layukan mun juya tsarin. Gireda ta fara kankare baƙar ƙasar sama, aka zuba marmara kaurin santimita 15, a jiƙa a danne, sannan a ƙara wata. Lambatu ya biyo baya, gida ya zo a ƙarshe, daɓensa santimita 60 sama da titi, domin titi tashi yake duk lokacin da aka yi ciko.

Bulo a wurin muke bugawa: buhun siminti mai kilo 50, bulo 35 na inci 9, a ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Na kasuwa da ake tatsar 50 ko fiye daga buhu ɗaya, tun wajen saukewa daga mota yake marmashewa.

Rijiyar burtsatse kuwa, ƙarƙashin Kaduna dutse ne, ruwan yana cikin tsagoginsa, sai an yi gwaji kafin a kira motar haƙa. Mun keɓe mata fuloti a ɓangaren tudu, duk sokawe mita 30 daga gare ta, kuma mun rubuta sharaɗin a takardar kowane mai saye.