Yadda na zaɓi madabod mai araha don injin sassaƙana na CNC

Wata huɗu na yi ina haɗa injin CNC ɗina, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, a ɗan shagon da ke ƙofar gidanmu: firam na ƙarfe, moto uku masu tafiya taki-taki irin NEMA 23, direbobinsu, wato na'urorin da ke ba su wuta bisa umarnin kwamfuta, da ƙaramin injin sassaƙa a kai. Burina bai wuce in riƙa yanka haruffan allon suna da adon ƙofa a jikin katako ba. Da aka zo kan kwamfutar da za ta tuƙa shi, sai na ɗauka an wuce wurin. Ashe a nan ne zan sha wuya.

Manhajar da na zaɓa ita ce LinuxCNC, saboda kyauta ce, kuma tana da tushe mai kyau, don daga aikin EMC na hukumar NIST ta Amurka ta samo asali. Mach3, wata manhajar irin wannan aiki, na buƙatar lasisi, ni kuwa kuɗina ya riga ya ƙare a ƙarfe. Na sayi wani madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, na hannu mai ɗan sabunta, mai firosesa mai ƙarfi da RAM da yawa, don a tunanina abin da ya fi gudu shi ya fi iya aiki. Sai da na kai gida na lura ba shi da ramin firinta na da, wato mai ƙofofi 25 ɗin nan da ake kira DB25, wanda ta nan ne umarni ke fita zuwa direbobi. Na sayo wayar da ke maida USB zuwa ramin firinta. Ko motsi moton bai yi ba. Irin wannan wayar da firinta kaɗai take magana, ba ta ba manhaja ikon kunna kowace ƙafar ramin a lokacin da take so. Na koma na sayo katin PCIe mai ramin, wanda ake sokawa a jikin madabod, sai injin ya tashi.

Murnar ba ta daɗe ba. Aikin farko allon suna ne da na yi wa yayana alkawari. Zagayen farko ya fita tsaf. A zagaye na biyu bakin injin ya kauce kamar milimita biyu, ya cinye gefen harafin, katako mai kyau ya tashi a banza. Ina tsaye ina jin moton yana wani ɗan ƙyat a tsakiyar tafiya, kamar mai tuntuɓe. Na ɗaure kusoshi, na sauya direba, na rage gudu, duk a banza. Kusan mako biyu ina zargin abin da bai yi laifi ba, alhali manhajar tana ta fito min da gargaɗin jinkiri a gefen allo, ni kuma ina rufewa.

Abin da na gane daga baya ke nan. Moton nan taki 200 yake yi kafin ya zagaya sau ɗaya. Idan aka raba kowane taki gida takwas, bugun lantarki 1,600 ke nan a zagaye guda. Sandar da ke jan teburina milimita 5 take matsawa a kowane zagaye, wato bugu 320 ga kowace milimita. Duk waɗannan bugun kwamfutar ce ke fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma dole tazararsu ta daidaita kamar kiɗan ganga. Da zarar firosesa ya shagala da wani abu ya makara, sai bugun ya katse ya dawo a gaggauce, moto ya kasa bi, ya zubar da taki. Kwamfutar kuma ba ta san ya zubar ba, ci gaba kawai take yi. To ka ga abin nema a madabod shi ne cika lokaci, ƙarfi kuwa kaɗan ya isa.

LinuxCNC na da abin gwaji mai suna latency-test, wanda ke auna makarar da ta fi muni. Bayanin manhajar ya ce idan lambar ba ta kai maikrosakan 15 zuwa 20 ba, kwamfutar ta yi kyau sosai. Tsakanin 30 da 50 za a iya aiki amma gudu zai ragu, daga 100 zuwa sama kuwa kada a sa rai ta fitar da bugu da kanta. A allo da nanosakan ake nuna lambar, don haka 20 za ka gan ta 20,000. Nawa madabod ɗin, da na buɗe bidiyo na kwafi babban fayil, lambar ta haura 200,000. Na shiga BIOS, wato saitin madabod, na kashe duk abin tsimin wuta da na gani, ta sauko kaɗan, amma ba ta kai inda ake so ba.

Karo na biyu da filashina a aljihu na shiga kasuwa, da LinuxCNC a ciki, mai tashi ba sai an girka ba. Na ce wa mai shagon ina so in gwada tsofaffin kwamfutocinsa kafin in biya. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ga sababbi nan, me za ka yi da waɗannan?" Na yi masa bayani, ya ba ni benci da soket. Laftof ban ma taɓa ba, don tsarin tsimin batirinsu kan jawo makara. Na yi wa uku gwaji, kowace na bar ta kusan rabin awa ina wahalar da ita da bidiyo da buɗe tagogi. Wadda ta ci ita ce tsohuwar Dell OptiPlex 780 mai Core 2 Duo, da ramin firintarta a baya. Bayan na kashe tsarin tsimin wuta na SpeedStep da C-States a BIOS, lambar ta zauna ƙasa da 20,000. Sayen ta gaba ɗaya da akwatinta ya fi min araha a kan in haɗa madabod da wutarsa daban-daban.

Na so a ce na sami Intel D525MW ko ASRock Q1900B-ITX, ƙananan madabod da masu wannan sha'awar ke yabo. Suna da ramin firinta, firosesansu kuma ba ya buƙatar fanka, wanda babban abu ne a shagon da garin katako ke tashi. Ban same su a kasuwarmu ba.

Kafin in biya, mai shagon ya buɗe akwatin ya haska min kafasitocin da ke kewaye da firosesa, ya ce in tabbata babu wanda kansa ya kumbura. Sannan ya ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya sa sabo. Ya ce a tsohon madabod idan batirin ya mutu, ana ɗauke wuta saitin BIOS zai iya komawa yadda yake, duk abin da na kashe ya dawo ban sani ba. Wannan shawarar ta fi min ragin da ya yi min.

A gida na bar gwajin ya kwana yana gudu, don rabin awa ba ta isa ta kama makarar da ke zuwa jefi-jefi. Da safe lambar ba ta yi wani tashi ba. Na sa tazarar bugu a maikrosakan 50, wanda ke ba da bugu 20,000 a daƙiƙa, kimanin milimita 62 ke nan a daƙiƙa a injina, fiye da abin da firam ɗin zai iya ɗauka. Kwamfutar na ajiye ta a akwatin katako mai tace ƙura, na haɗa ta da ƙaramin UPS, ba na kuma shiga intanet da ita. Idan wata rana na ƙara moto ko na so gudu, katin Mesa mai haɗin Ethernet zan nema, don shi ke fitar da bugun da kansa. Allon yayana kuwa na sake yanka shi a sabon katako, zagaye huɗu, kowanne ya faɗa daidai cikin sawun na baya.